Lambun Buhu: Yadda Za Mu Yi Shuka Tare da Ƙananan Yara a Agbogbloshie, Nima da Maamobi

Da yawa daga cikinmu mun baro gona a gida. Wasu rikici ne ya raba su da ita, wasu ambaliya, wasu fari. Yanzu muna zaune a Tsohuwar Fadama, ko Nima, ko Maamobi, ko Sabon Zango, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar iyali guda, kuma yaran da aka haifa a hanya ko a nan Ankara ba su taɓa ganin yadda wake ke tsirowa ba. Iyaye mata da malaman ƙananan yara sun sha tambayarmu ko za a iya yin ɗan lambu da yara 'yan shekara uku zuwa biyar a irin wannan matsatsi. Za a iya. Amma akwai sharaɗi guda da ya fi komai muhimmanci, shi ne kada a yi shukar a ƙasar da muke takawa. A wannan fitowar za mu bayyana dalili, sannan mu bi aikin daki-daki tun daga shiri har girbi.

Abin da yaro ke samu a lambu

Yaro ɗan shekara huɗu da hannu yake koyo. Idan ya ƙirga ƙwayar wake uku ya sa a rami, ya koyi lissafi. Idan ya ce wannan ganyen ya fi wancan tsawo, ya koyi awo. Idan ya jira kwana huɗu kafin tsiro ya fito, ya ɗanɗana haƙuri. Tun gyaran ilimi na 2007, shekara biyu na ajin ƙananan yara, na 'yan shekara huɗu da biyar, sun shiga cikin ilimin farko a Gana, kuma irin abubuwan nan ne ake fara koya musu a can. Yaron da bai samu shiga ba tukuna zai iya farawa a bakin ƙofar ɗakinsu.

Ga yaran da aka yi ta ƙaura da su kuma akwai wani amfanin. Yaron da ya ga an bar gida, an bar akuya, an bar abokan wasa, yakan natsu idan ya samu abin da ke nan kullum a wuri ɗaya, wanda kuma ke jiransa kowace safiya. Ba ruwa da safe da dubawa da yamma ƙaramin aiki ne, amma yana ba ranar yaro tsari. Sannan sau da yawa yaron da ke ture miyar ganye yakan ci idan shi ya tsinko ganyen da hannunsa.

Dalilin da ya sa ba ma shuka a ƙasa

Shekaru da yawa ana fasa tsofaffin kwamfutoci, talabijin, firiji da batiran mota a Agbogbloshie, ana ƙona wayoyi don a fitar da jan ƙarfe, a gefen kogin Odaw da ke malala cikin tafkin Korle. Wannan aiki ya ciyar da dubban iyalai, amma ya bar dalma a cikin ƙasa. A 2013 cibiyar Blacksmith ta sa Agbogbloshie cikin wurare goma da suka fi gurɓacewa a duniya. Rahotonta ya ce a wani wurin an auna dalma har kashi 18,125 cikin miliyan, alhali iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a lokacin 400 ce. A watan Yulin 2021 hukuma ta rushe filin gwangwan, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Rumfuna sun tafi, dalmar tana nan. Ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, ruwan sama kuma sai dai ya kwashe ta daga wani wuri zuwa wani.

Yaro ƙarami ne ya fi shiga haɗari, domin a ƙasa yake wasa, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu wani adadi nata da aka sani ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage kaifin koyo, tana kawo ƙarancin jini. Sau da yawa ba a ganin alama sai ɓarna ta yi nisa.

Waɗanda suka fito daga arewacin Najeriya za su tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega. Bayan magani, abin da aka yi don tsayar da mace-macen shi ne kankare ƙasar tsakar gidaje a zubar, a kawo sabuwa mai tsabta. Wannan darasin muke ɗauka: idan ƙasa ta gurɓace, sai a raba yaro da ita, a kawo masa wata.

Nima da Maamobi suna da ɗan nisa da filin gwangwan, amma ƙasar da ke kusa da garejin makanikai, da wurin masu gyaran batir, da juji, da bakin babbar gota, ita ma ba abin yarda ba ce. Ido ba ya gane ƙasa mai dalma. Saboda haka ƙa'idarmu ɗaya ce a duk unguwannin nan: shuka a cikin buhu ko galan, da ƙasar da aka kawo daga wuri mai tsabta, a ɗora a sama.

Abin da za a shuka a ciki

Lambun buhu ba sabon abu ba ne. A Kibera da ke Nairobi, ƙungiyar Solidarités ta yaɗa shi a 2008 bayan rikicin zaɓe, iyalai da yawa suka riƙa samun ganyen miya a bakin ƙofa ba tare da fili ba. Yana da wani amfani da ya dace da halinmu: idan an ce a tashi, ko ruwa ya shigo lungu kamar yadda ya yi a ambaliyar 3 ga Yunin 2015, ana iya ɗaukar ƙaramin buhu ko galan a tafi da shi.

Abubuwan da suka dace:
Buhun shinkafa ko na gari wanda aka wanke.
Galan mai ruwan ɗorawa wanda ake kira galan Kufuor, idan man girki ko ruwa kawai ya taɓa ɗauka. A yanke gefe ɗaya, a huda gindinsa.
Tsohon bokiti ko roba mai yoyo.
Ledar piya wata, don renon iri kafin dashe.

Abubuwan da ba za a taɓa ba:
Galan ɗin baƙin mai, fetur, fenti ko maganin ƙwari, ko da an wanke.
Kwandon batir, gangar firiji, bayan talabijin, ko duk wani abu da ya fito daga gwangwan.
Tsohuwar taya.

A jera bulo ko katako, a shimfiɗa leda, a ɗora buhun a kai, yadda ruwan lungu ba zai taɓa gindinsa ba, kuma ƙasar wurin ba za ta fantsama ciki ba.

Ƙasa da taki

Masu sayar da furanni a bakin manyan titunan Ankara suna sayar da baƙar ƙasa a buhu. Ku tambaye su daga ina aka haƙo ta. Idan gida huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi, abin ba ya yin nauyi. Wanda ke da ɗan'uwa direba mai zuwa ƙauye zai iya roƙonsa ya ɗebo masa daga gona.

A gauraya mudu biyu na ƙasa da mudu ɗaya na taki ruɓaɓɓe. Kashin tumaki ko na awaki da ya bushe ya ruɓe, har ya daina wari ya zama kamar ƙasa, shi ne ya fi. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa kuma yana ɗauke da cuta. Kada a ɗebo takin dabbobin da ke kiwo a kan juji ko a bakin Odaw. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da ke yawo a Agbogbloshie, aka same su cike da gubar hayaƙin ƙona roba, don haka abin da dabba ta ci a can ba ya tsayawa a bakinta. Ɓawon kwakwa da masu sayarwa ke zubarwa, idan aka daddatsa shi ƙanana aka jiƙa kwana biyu ana sauya ruwa, yana sa ƙasa ta riƙe laima.

Haɗa taki aikin manya ne. Idan an gama gaurayawa sai a kira yara su taya cikawa da kofi.

Ga yadda ake haɗa buhu. A naɗe bakinsa ya dawo daidai ƙugun yaro. A sami babban gwangwanin tumatir, a cire kai da gindi, a daddanne bakin don kada ya yanki hannu. A tsayar da shi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi. Sai a ja shi sama, a sake cikawa, har a kai baki. Abin da zai rage shi ne ginshiƙin tsakuwa a tsakiya, wanda ta nan ruwa zai riƙa sauka ya kai ko'ina. Ana iya tsaga ƙananan ramuka a jikin buhun, faɗin tafin hannu tsakanin kowane biyu, a dasa ganye a ciki.

Shiri tare da yara

Kada mu gama komai sannan mu kira yaro ya zo ya gani. Shirin ma nasa ne, kuma yana iya ɗaukar mako guda.

Rana ta farko, neman rana. Kayan lambu suna son hasken rana na awa biyar zuwa shida, lungunanmu kuwa ƙunci gare su. A ba yara duwatsu uku. Da hantsi su ajiye ɗaya inda rana take, da azahar ɗaya, da la'asar ɗaya. Inda duwatsun suka fi kusa da juna, nan ne wurin lambu. A guji ƙarƙashin indararo, da bakin gota, da inda hayaƙin ƙona shara ke bi. Idan hayaƙi ya yi yawa a lungunku, gara a nemi izini a ajiye buhunan a harabar makaranta ko masallaci da ke nesa da shi.

Rana ta biyu, zaɓen iri. A tambayi yaro, "Wace miya ka fi so?" Daga miyar sai a koma ga ganyen, daga ganyen a koma ga irin. A zuba iri kala uku a faifai, ya taɓa, ya ware manya da ƙanana. Kada zaɓin ya wuce uku, in ba haka ba zai ruɗe.

Rana ta uku, gwajin iri. A sa ƙwayar wake goma a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a duba bayan kwana uku ko huɗu. Yara su ƙirga nawa suka fasa. Idan bakwai ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau.

Rana ta huɗu, zane. A zana da'ira a kwali da gawayi, yaro ya ɗiga inda kowane iri zai zauna. Kowane yaro ya sami galan ko ledarsa, da alamar da zai gane, zare mai launi ko murfin kwalba.

A nan ne kakanni ke da aiki. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana noma ta fi kowa a cikinmu sanin iri mai kyau. A bar ta ta faɗa wa jikoki sunan kowane tsiro da harshen gida, Hausa ne, Dagbanci, Fulatanci, Zabarmanci ko Mosanci, ta ba su labarin gonar da aka baro.

Irin da ya dace

Yaro ba ya iya jiran wata huɗu. A zaɓi abin da ke fitowa da sauri.

Wake: ƙwayarsa babba ce, tana da sauƙin riƙewa, tana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Ana cin ganyen, ana cin 'ya'yan. Da shi ya kamata a fara.

Albasa mai lawashi: a yanke ganyen a yi miya, a dasa gindin mai saiwa. Cikin 'yan kwanaki sabon ganye zai leƙo. Ba ya cin ko sisi.

Alayyafo, wanda ake kira alefu a kasuwannin nan: ana fara tsinka bayan mako uku zuwa huɗu. Irin ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi mai tsabta yaro ya barbaɗa.

Ayoyo, wato lalo, na miyar tuwon zafi: mako huɗu zuwa shida. Irinsa yana da taurin fitowa. Babba ya ɗaure shi a tsumma, ya tsoma a tafasasshen ruwa na daƙiƙa kaɗan, ya shanya, sannan a shuka.

Kuɓewa: a jiƙa irin ya kwana. Tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, furenta kuma yana burge yara. Tushe ɗaya ko biyu a galan ya isa.

Rama da yakuwa suna jure zafi, ganyensu kuma yana shiga miya da kwaɗo.

A bar barkono sai yara sun girma, saboda ido. Ganyen kontomire ɗanye yana ƙaiƙayi a baki da fata, shi ma a bar shi. Irin kanti da aka rina ja ko kore magani ne a jikinsa, hannun yaro kada ya taɓa shi.

Lokacin shuka

Ankara tana da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Farkon kowace ɗaya shi ne lokaci mafi sauƙi, domin sama za ta ɗauke muku rabin ban ruwa. A watan Yuni, lokacin ruwa mai ƙarfi, a duba ramukan gindin galan kada su toshe. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana iya shuka, sai dai buhu yana saurin bushewa, kuma ƙura na sauka a ganye.

Ranar shuka

A yi da safe ko bayan la'asar. Babba ɗaya ya kula da yara uku ko huɗu, kada su fi haka. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, daga nan hankalinsu ya tafi wani wuri.

A jiƙa ƙasar tukuna. A nuna sau ɗaya, sannan a ja hannu. "Auta, sa yatsanka har gaɓa ta biyu. Yawwa. Sa wake biyu. Rufe a hankali, kada ka danne." Idan ramin ya karkace ko iri ya zube, a ƙyale shi. Wake ba ya neman layi madaidaici. Idan muka karɓe aikin don ya yi kyau, lambun ya zama namu, yaro kuma zai koma wasansa.

Yaran da ba su kai shekara uku ba sukan cusa ƙwaya a hanci, kunne ko baki. Su a ba su aikin zuba ruwa, iri kuma ya zauna a hannun babba.

Ban ruwa da kulawa

A huda murfin gorar roba da ƙusa, ta zama abin ban ruwan yaro. Kafin ya zuba, ya sa yatsa a ƙasar: idan da laima, a bari sai yamma. Yara sun fi kashe shuka da yawan ruwa fiye da ƙarancinsa.

Mun san ruwa saye ake yi. Ruwan wankin shinkafa, na ɗauraye ganye, da na alwala da aka tara a roba duk sun isa, muddin babu sabulu, mai ko gishiri a ciki. Ruwan Odaw da na gota ba na lambu ba ne ko kaɗan. Kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ko gwangwani, nan sauro ke ƙyanƙyasa. Bokiti da ganga su kasance a rufe koyaushe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai rarrafe idan ya faɗa da ka.

Awaki da kaji su ne manyan ɓarayin lambu. Buhun albasa mai raga, idan aka kafa sanduna huɗu aka zagaye, yana tare su. Gidan sauro na gado ne, a bar shi a kan gado. Idan tsutsa ta kama ganye, yara su nuna, babba ya cire. Ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana yana korar ƙwari idan aka tace aka yayyafa. Maganin feshi na kanti kada ya shigo lambun yara.

Wata shukar za ta mutu. A faɗa wa yaro gaskiya: rana ta yi mata yawa, ko akuya ta ci. A tono tare a duba saiwar, a sake shuka wata a ranar. Saboda haka ne ake ajiye ragowar iri.

Girbi da tsabta

A koya wa yara tsinkar ganyen waje a bar na tsakiya, don ya ci gaba da tofo. A wanke ganye sau uku da ruwa mai tsabta kafin a dafa, domin ƙurar unguwa tana sauka a kansa ko da ƙasar buhun mai kyau ce. A bar kwanson wake biyu ko uku da kuɓewa ɗaya su bushe a jiki, yaro ya ɓare ya adana a kwalba don shuka ta gaba.

Buhu biyu ba za su ciyar da gida ba, amma za su ƙara ganye a miya sau da yawa a mako. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin yaron da jikinsa ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini ya fi zuƙar dalma. Wake da koren ganye suna cikin abincin da ke ƙara wannan sinadari.

Ƙa'idoji huɗu da za a maimaita wa yara har su haddace: ba a cin ƙasa, ba a sa iri a baki, ba a cin ganye sai Mama ta wanke, kuma ana wanke hannu da sabulu bayan aiki da kafin cin abinci. A riƙa yanke musu farce. Idan akwai mai aikin gwangwan ko batir a gidan, ya cire takalmi da kayan aiki a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kuma a wanke kayansa dabam.

Idan yaro yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko ya ƙi abinci, ko ya koma baya a magana ko tafiya, ku kai shi asibiti, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya unguwar da kuke zaune da sana'ar da ake yi a gidan. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma. Idan ya yi jijjiga ko ya suma, a garzaya da shi nan take. Asibitin Maamobi, asibitin yara na Princess Marie Louise da Korle Bu duk suna cikin gari.

Mu fara da kaɗan

Galan ɗaya, ƙwayar wake shida da gindin albasa uku sun isa farawa a wannan makon. Idan maƙwabta suka haɗu, wata ta kawo buhu, wani ya kawo taki, wata ta ɗauki ban ruwan ranar da uwar yaro ta tafi kasuwa, aikin zai yi sauƙi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai tambaya game da ƙasa, iri ko wurin ajiye buhu, ya tuntuɓi ma'aikatanmu ko shugabar mata ta unguwarsa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya raya mana yaranmu, ya sa albarka a abin da suka shuka.